Stihl MS 201 TC-M: injin yankan itacen da dila ba ya ba ka sai ka nuna takarda

A Birtaniya, idan mutum ya shiga shagon dilan Stihl ko Husqvarna ya ce a ba shi injin yankan itace mai mariƙi a sama, yawanci kafin a yi zancen kuɗi za a tambaye shi takardar shaidar cewa ya koyi yanka a kan bishiya yana rataye da igiya. In babu, sai a nuna masa wani injin mai mariƙi a baya. Ɗaya daga cikin injinan da ake yin wannan ja-in-ja a kansu shi ne MS 201 TC-M na kamfanin Stihl, kamfanin Jamus da Andreas Stihl ya kafa a 1926, wanda hedikwatarsa ke Waiblingen kusa da Stuttgart. Wannan sharhi a kan injin ne, da kuma dalilin da ya sa ake jan rai wajen sayar da shi, don abu biyun ba sa rabuwa.

Ƙaramin inji ne. Girman silindarsa cc 35.2, ƙarfinsa kilowat 1.8, nauyinsa kilo 3.7 ba mai, ba sarƙa, ba farantin da sarƙar ke zagayawa. Akan ɗaura masa faranti mai tsawon santimita 30 ko 35, da siririyar sarƙa mai ƙananan haƙora wadda Stihl ke kira Picco. Tankin fetur ɗinsa bai kai sulusin lita ba, amma ya isa a sassabe matsakaiciyar bishiya kafin a sauko da shi a ƙara. A bayansa akwai zoben da ake ɗaura igiyar rataya, saboda a rayuwarsa ya fi daɗewa yana lilo a ƙugun mahayin bishiya fiye da yana yanka.

Ta fuskar aiki babu abin kushewa sosai. Yana ɗaukar wuta nan take, kuma wannan shi ne abin da mahayi ya fi buƙata: reshen da aka fara yankewa yana son a ƙarasa shi kafin ya tsage ya yago ɓawon bishiyar. Reshe mai kaurin cinya ba ya sa shi nishi. Idan aka kai ga gungumen da ya fi tsawon farantin, to a nan an wuce gonarsa, sai a ɗaura babban inji a miƙo daga ƙasa. Tsofaffin hannu har yau suna kewar MS 200 T, wanda wannan ya gada, kuma suna da hujja: 201 na farko da ya fito ya yi sanyin jiki saboda an matse shi don ya cika ƙa'idar hayaƙi. Samfurin da ke ɗauke da M a ƙarshen sunansa ya gyara mafi yawan wannan. M ɗin na nufin M-Tronic, wato ƙaramar na'ura ce ke auna yawan man da ke shiga da lokacin tartsatsin fulogi, ta daidaita su da zafi, da tsayin wuri, da dattin matacin iska. Babu sukurorin da ake murzawa a kafireto don ƙara mai ko ragewa. Wannan alheri ne ga wanda ke kusa da dila mai na'urar gwaji. Ga wanda ke nesa kuwa matsala ce, don idan gurɓataccen fetur ya toshe ɗan bawul ɗin da ke sakin mai, bakaniken janareta na bakin titi ba shi da abin da zai murza.

Abokan gasarsa sanannu ne. Husqvarna ta Suwidin tana da T540 XP, wanda ƙarfinsu da nauyinsu kusan ɗaya, zaɓi tsakaninsu ya fi komawa ga wane dila ne ya fi kusa da kai. Echo ta Japan tana da CS-2511T mai cc 25 da nauyin kilo 2.3, wanda ya fi daɗi a aikin rage ƙananan rassa, amma ba ya jure babban yanka. Akwai kuma masu batir, irin su MSA 220 T da T540i XP. Waɗannan sun kawar da wahalar jan igiyar tayarwa a sama, kuma mahayi yana jin muryar abokin aikinsa na ƙasa. Illarsu ita ce shirunsu: inji a kunne yake amma ba ka jin komai, yatsa na taɓa totur sarƙa ta zabura. Su ma dila yakan nemi takarda kafin ya sayar.

To, me ya sa ake tsoron inji mai mariƙi a sama?

Amsar tana wurin mariƙi. A injin da aka saba gani, hannun dama yana can baya, na hagu yana gaba, tsakaninsu akwai tazara mai kyau. Wannan tazarar ita ce ke ba mutum ƙarfin danne injin idan ya yi tutsu, wato ya zaburo baya ya nufo mai riƙe da shi. A MS 201 an ɗauke mariƙin baya an ɗora shi a saman injin, hannayen biyu suka matso kusa da juna. An yi haka ne don injin ya gajarta, ya shiga tsakanin rassa, nauyinsa ya zauna daidai ƙarƙashin hannu. Amma fa tazarar ta tafi, ƙarfin dannewa ya ragu. Sannan ga abin da ya fi muni: injin yana zama daram a hannu ɗaya, har ya riƙa raya wa mutum cewa ya saki hannun hagu ya riƙe reshen da shi. Raunukan da aka fi sani da wannan nau'in inji a hannun hagu ne da damtse, sai kuma fuska, wuya da kafaɗa.

Tutsu yana faruwa ne idan kashi ɗaya cikin huɗu na saman hancin farantin ya taɓa wani abu. A wannan wurin haƙoran suna juyawa ne a kwana, sai haƙori ya cafki itace fiye da abin da zai iya yankewa, ya tsaya cak, ƙarfin da ke cikin sarƙar ya wurgo farantin sama da baya, ya nufo mai riƙe da shi. Abin yana gamawa kafin ƙiftawar ido, babu wanda hanzarinsa ya kai ya kauce. A cikin kan bishiya kuwa abubuwan da hanci zai taɓa sun yi yawa: reshen da ke bayan wanda ake yankewa, ganyen da ya ɓoye kututture, waya, tsohon ƙusa. Birkin sarƙa shi ne mai ceto a nan. Yana kamawa ta hanya biyu, ko dai bayan hannun hagu ya bugi garkuwar gaba, ko kuma ƙarfin wurgin da kansa ya saki birkin. Na MS 201 yana da kyau, yana tsayar da sarƙa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Sai dai hanya ta farko tana aiki ne kawai idan hannun hagu yana kan mariƙin gaba, babban yatsa ya zagaye shi ta ƙasa. Wanda ya saki hannun ya zubar da rabin kariyarsa. Haka kuma birki ba ya yin komai game da ɗaya hatsarin, wato injin ya ƙarasa yanka ya zarce da nauyinsa ya faɗa kan hannu, cinya ko igiyar da mutum ke rataye da ita. Igiyar da nauyin mutum ya ja ta yi tauri, taɓawa ɗaya sarƙa ke yi mata ta rabu biyu.

Shi ya sa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta raba injinan gida biyu: ISO 11681-1 na aikin daji, ISO 11681-2 na aikin kan bishiya, kuma na biyun an rubuta a jikinsa da littafinsa cewa na ƙwararrun mahaya ne kaɗai. Hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta fito fili ta ce kada a yi amfani da mai mariƙi a sama a ƙasa. Ba a kayar da bishiya da shi, ba a daddatsa icen girki da shi.

Batun takarda yana buƙatar a fayyace shi, don mutane da yawa suna ɗauka doka ce ta haramta sayarwa. Ba haka ba ne. Dokar Birtaniya ta 1998 kan kayan aiki, wadda ake kira PUWER, ta ɗora nauyi ne a kan mai ɗaukar ma'aikata: ya tabbatar duk wanda ya ba inji ya samu horo, kuma mai yanka a kan bishiya ya mallaki shaidar ƙwarewa. Hana sayarwa kuwa tsari ne na kamfanoni da dilolinsu. Takardar da ake nema ita ce wadda 'yan sana'ar har yanzu suke kira CS39, duk da an sauya mata lamba, kuma cibiyoyin ba da shaidar ƙwarewa, City & Guilds NPTC ko Lantra, ke bayar da ita. Ba a kai gare ta kai tsaye. Sai an bi ta CS30, gyaran inji da datsa itace a ƙasa. Sannan CS31, kayar da bishiyar da kaurinta bai wuce milimita 380 ba. Sannan CS38, hawa da ceto abokin aiki daga sama. Bayan haka HSE tana ba da shawarar a sabunta horo duk shekara biyar ga mai aikin kullum, shekara biyu zuwa uku ga mai taɓawa jefi-jefi.

A ganinmu tsarin yana da ma'ana, amma yana yoyo. Dila mai mutunci yana tambaya. Mai sayar da na hannu a eBay ko Facebook ba ruwansa. Ga kuma ƙananan injina masu cc 25 marasa suna da suka cika kasuwannin intanet, ana tallarsu a matsayin injin lambu mai sauƙin ɗauka. Sakamakon shi ne mai gidan da aka hana injin da birkinsa ke da tabbas ya koma ya sayi wanda babu wanda ya gwada birkinsa. A Amurka ma babu wannan shinge, kowa na iya saye, an bar abin ga ƙa'idar sana'ar, ANSI Z133, wadda ta nemi a riƙe inji da hannu biyu kuma mahayi ya ɗaure kansa ta wuri biyu kafin ya yanka.

Stihl ta taɓa kai wannan hujja ta tsaro har gaban hukuma. Tsarinta a lokacin shi ne dila ya miƙa inji hannu da hannu, a haɗe, ya nuna wa mai saye yadda ake tayarwa da yadda birki ke aiki. A watan Oktoba na 2018 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta ci ta tarar yuro miliyan 7, tana cewa wannan sharaɗin ya zama hana sayarwa ta intanet a fakaice, alhali dokar tsaro ba ta wajabta shi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta tabbatar da laifin a 2019, ta rage tarar zuwa miliyan 6. Gaskiyar magana ita ce tsaro da kare kasuwar diloli sun cakuɗe a cikin wannan tsari, kuma kowane ɓangare yana nuna wanda ya fi masa daɗi. Duk da haka, minti goma na bayanin dila bai taɓa cutar da kowa ba.

A Afirka ta Yamma damuwar hukuma ta fi karkata ga daji, ba ga hannun mai yanka ba. Gana, tun 1998, ta wajabta yi wa injin rajista a majalisar gunduma, ta kuma haramta tsaga katako da shi don sayarwa. Amma babu mai tambayar takardar hawa a kasuwa, kuma jabun injina masu launin lemo da fari suna nan birjik. Wanda ke sassaben darbejiya ko mangwaro a cikin gari, shi ne zai zama dilan kansa ya tambayi kansa ko ya cancanta.

Wanda ya cancanta, ga yadda aikin yake tafiya. Ana cika mai da tayar da injin a ƙasa, aƙalla mita uku daga inda aka zuba fetur, a bar shi ya yi ɗumi. A nan ake gwada birki: a ba shi wuta, a tura garkuwar da bayan hannu ba tare da sakin mariƙi ba, sarƙa ta tsaya nan take. A duba cewa sarƙa ba ta motsi idan injin yana sulo, wato yana kunne ba a taɓa totur ba. In tana rarrafe, ko sifirin na kuloci ya karye ko sulon ya yi yawa, kuma irin wannan injin ba ya hawa bishiya. A duba makullin totur, a duba ɗan ƙarfen da ke ƙasa wanda ke cafke sarƙa idan ta tsinke ko ta goce. A nuna hancin farantin ga wani farin itace a ba da wuta, a ga feshin man sarƙa. Sannan a kashe, a danne birki, a ɗaura a miƙa sama. Igiyar da ke haɗa injin da ɗamarar mahayi gara ta zama irin wadda ke tsinkewa da kanta idan nauyi ya yi yawa, don idan reshe ya cije farantin ya faɗi da shi, kada ya tafi da mutumin.

Kafin kowane yanka sai an samu mazauni: ƙafa biyu sun kafu, babbar igiya a sama, gajeriyar igiya ta biyu a zagaye da jikin bishiya, duka biyun a nesa da layin yanka. A Birtaniya, bisa dokar aiki a sama ta 2005, yanzu ana sa ran mahayi ya kasance da igiya biyu masu zaman kansu kusan a kowane lokaci. Ba a yanka sama da kafaɗa, ba a sa fuska a layi ɗaya da faranti. Idan wurin ya yi nisa har sai an miƙa hannu ɗaya, to mazaunin ne bai yi ba, a gyara shi, ko a zaro zarton hannu. Zarton hannu mai kyau yana gama reshe mai kaurin tsintsiyar hannu kafin a gama tayar da inji.

Reshe mai nauyi yanka uku yake ci. Na farko daga ƙasa, ɗan nesa da jikin bishiya, zurfinsa kamar sulusin kaurin reshen. In an zarce, reshen zai sauko ya matse farantin. Na biyu daga sama, ɗan gaba da na farko ta wajen ƙarshen reshe, har ya ɓalle. Na uku shi ne cire guntun da ya rage, a yanka daidai wajen kumburin da ke gindin reshen, kada a shafe shi, don daga nan bishiya ke rufe ciwonta. Wanda ya fara daga sama kai tsaye, reshen zai yago ɓawo har ƙasa, wani lokacin ya tsage ya daki mai yankan. Idan inji ya maƙale, a kashe shi, a ɗaure shi a jikin bishiya ta ɓangaren da ba zai faɗi ba, a kwance shi daga ɗamara, sannan a sake shi da zarton hannu ta yanka aƙalla santimita 30 daga inda ya maƙale, ta wajen ƙarshen reshe. Ba a fizgarsa yana kunne.

Kayan jiki ba ado ba ne. Wandon kariya cike yake da dogayen zaruruwa waɗanda sarƙa ke fizgowa su cushe sufuroket, wato ƙarfen mai haƙora da ke juya sarƙar, ta tsaya. Aji na 1 yana tsayar da sarƙa mai gudun mita 20 a daƙiƙa, na 2 mita 24, na 3 mita 28. Nau'in A gaba kawai yake karewa, nau'in C yana zagaye ƙafa, kuma shi aka fi so ga mahayi, sai dai yana da zafi ƙwarai. Hular kwano ta mahayi mai maɗauri a haɓa ce, da ragar fuska da marufin kunne, don ƙarar wannan inji a kunnen mai riƙe da shi tana kusan desibel 100, alhali daga 85 dokar Birtaniya ta wajabta kariya. Babu wando ko hula da ke kare damtse da wuya, abin da ya rage musu shi ne hannu biyu a kan inji. Kuma ba a hawa sai da mutum a ƙasa wanda ya iya hawa ya sauko da rauni, da akwatin agajin da ke da abin ɗaure jijiya. Bishiyar da ke kusa da wayar wuta ba a taɓa ta sai kamfanin wuta ya kashe layin.

Kulawa da injin ba ta da wuya, amma ba ya yafe sakaci. Haɗin mai 50 da 1 ne: lita 5 ta fetur, mililita 100 na man da aka yi don injin mai bugu biyu. A haɗa abin da za a ƙarar cikin wata guda, bayan nan fetur yana lalacewa ya bar danƙo. Ƙarancin mai a haɗin ko iskar da ke kutsawa ta tsagaggen tiyo su ne ke ƙone fistin, kuma gyaran ya kusa rabin kuɗin sabo. Baƙin man da aka juye daga mota ba man sarƙa ba ne. Yana cinye famfon mai da faranti, ga shi yana fantsama a fata. A ƙurar hunturu matacin iska yana son sharewa kullum.

Sarƙar Picco tana ɗaukar magagari zagayayye mai milimita 4, a kusurwar digiri 30, kowane haƙori adadin shafa ɗaya, daga ciki zuwa waje. Ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo, ya kasance ƙasa da bakin haƙorin da milimita 0.65, a auna da ma'auni ba da ido ba. Nan ne masu gaggawa ke jawo wa kansu bala'i: su goge tudun sosai don sarƙa ta ci da sauri, sai ta koma mai fizga da tutsu. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take zubarwa. In ka ga gari kamar na tuwo, ta dakushe, kuma dakusasshiyar sarƙa ita ce ke sa mutum dannawa da ƙarfi har injin ya zarce. A ɗaure ta tana sanyi, ta kwanta a ƙasan faranti ba rataya, amma ta zagaya idan an ja da hannu mai safa. Bayan aiki a sassauta, don tana takurewa in ta huce. A juya farantin sama ya koma ƙasa duk wasawa, a sauya sufuroket bayan sarƙa biyu ko idan sawun da ke jikinsa ya kai rabin milimita.

Kuɗinsa ya ninka na ƙaramin injin gida irin MS 180 fiye da sau biyu. Ga mahayin da ke hawa kullum, yana da takardarsa da dila a kusa, MS 201 TC-M yana cikin biyu ko ukun da suka fi cancanta a saya, kuma zai mayar da kuɗinsa. Wanda aikinsa ya fi yawa a ƙananan rassa ya duba Echo ko mai batir. Wanda kuwa ƙafarsa ke ƙasa, ko yake shirin jingina tsani ya hau da inji a hannu ɗaya, ya sayi mai mariƙi a baya don aikin ƙasa, rassan sama kuma ya kira mai igiya.